Salular da Na Kai wa Sambo

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. Wanga shi ce, "Gado, yaya Birnin Kabi?" Wancan shi ce, "Wace irin salula ka sayo, mu ma mu sayi irinta?" Kowa sai in gutsura mashi kaɗan, labarin ya zama ba kai ba gindi. To ga shi nan duka daga hwarko, in huta. Akwai abin dariya jehi-jehi, amma in gaya maku tun yanzu, ba tahiyar daɗi ba ce.

Wanda bai san Sambo ba, Bahillace ne, rugarsu na can gaba da Sukukutane, cikin rairayin da mota ba ta so. Shekara ashirin da 'yan kai shanuna na hannunshi. Ni Ba'are, shi Bahillace, kun san wasan da ke tsakani. Ban taɓa gaishe shi ban ce mashi ɓarawon nono ba, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai "bawana mai tsage". In ya shigo Dutsi gidana shike sauka, shi cinye tuwona tas, sa'an nan shi ce ba gishiri.

Daminar bara maciji ya sari ɗanshi Buba wurin kiwo. Shi ne ɗan hwari, shi ke riƙe da garken. Akwai salula a aljihunshi, irin mai gilashin nan da samari ke so, wadda ake shahwawa da yatsa. Ruwan sama ya riga ya jiƙa ta tun da hantsi, ta mutu. Sai da shanu sunka koma ruga su kaɗai anka bi sawu. Da ya samu yin kira, akwai mai moto a Sukukutane da za shi kai shi likita kahin la'asar. Bisa amalanke ya cika.

Da na je gaisuwa, Sambo bai yi kuka ba, bai ko ambaci sunan yaron ba, kun dai san kunyarsu ga ɗan hwari. Ya shiga bukka ya ɗauko salular ya miƙo mini.

Ya ce, "Ku 'yan birni kun san kan wagga. Mi ya same ta?"

Na ce, "Ruwa ne."

"Ruwa kaɗai?"

"Ruwa kaɗai."

Ya jinjina kai ya mayar da ita aljihu.

Daga ranar Sambo ya koma bin shanu da kanshi, mutumin da ya ba sittin baya. Sauran ɗiyanshi mata ne, duk suna gidajen aure, ƙanenshi Juli kuma na can nesa da nashi garken. Daga shi sai matarshi Kumbo. Na ɗauki alkawali a raina sai na samo mashi salular da ruwa ba shi kashewa, wadda in wani abu ya same shi a daji za shi danna in ji. Sai kaka ta zo, na shiga sayen wake. Yau gobe, yau gobe, har bazara ta yi nisa. Ranar da na ga hadari ya hwara haɗuwa gabas, kunya ta kama ni.

Na je wurin Idi mai gyara, bakin tasha. Ya dubi teburanshi ya ce, "Tonton, ba ni cutarka. Duk waɗanga na zaman gari ne, in sunka ga raɓa sai su kama mura. Ka tahi Birnin Kabi wurin yayana Nasiru. Shi buɗe cikin salula shike yi gaban mai saye."

Da sahe na kama hanya. Daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa ba labari, gudro ne, kwalta shimhiɗe, sai ramukan da munka saba da su har mun san sunan kowane. A Kore Mairuwa na sauka na shiga wata a-kori-kura mai zuwa Tibiri. Mu goma sha wani abu a baya, da buhunan albasa, da wata tsohuwa mai zabi biyu ɗaure a cinya, za ta ganin jika. Kuskuren da na yi, na buɗe baki na ce salula za ni saye. Nan take motar ta zama lakkwal, makarantar boko, kowa mushe mai koyarwa.

Wani mai rawani ya ce, "Ka auna ta a hannu. Mai nauyi ita ce mai ƙarhi."

Wani ɗan bida da ke dawowa gida noma daga ci-rani ya ce a'a, a nemi mai pus huɗu, wato layi huɗu, in wanga rezo ya ƙi wancan shi kama.

Tsohuwar ta ce, "Mu garinmu guda ce, tana rataye ga gawo cikin safa, don nan kaɗai take kamawa. In ta yi kuka wanda ke kusa shi ɗauka, shi yi kururuwar mai ita. Shekara uku ke nan, ko akuya ba ta taɓa ta ba."

Na ce, "Inna, in da rana tsaka mutum na gona hwa?"

Ta ce, "Sai ta yi kukanta ta gaji. Labarin mutuwa ba shi ruɓewa, za a sake kira."

Ba wanda ya yi dariya, sai zabinta.

Ba mu yi nisa ba taya ta hwashe. Direba ya ce ta sauyin ma ba iska. Munka sauka ƙarƙashin wata aduwa mai inuwa kamar ta rowa. Ku zo ku ga mutane goma sha sun ɗaga salula sama kamar masu roƙon ruwa, wani ya hau buhun albasa, wani ya hau kan motar. Ba wadda ta kama. Na tsaya ina kallonsu, sai Buba ya hwaɗo mini a rai, shi kaɗai cikin ciyawa, shina shahwar gilashi. Muna nan har wani mai amalanke ya zo ya ɗauki tayar ya kai gari.

Tibiri munka shiga bayan azahar. Na sha hura da nono, na ci kopto, kwaɗon ganyen nan, mai ƙuli da yawa wurin wata mata da ta ce ta san uwata, ko da yake sunan da ta hwaɗa ba nata ba ne. Ban gyara mata ba, don ta ƙara mini cokali biyu saboda marigayiyar. Na kwana gidan wani abokin hwataucina. Yanzu ba a bin hanyar iyaka in rana ta karkata, kun san dalili, ba sai na tsawaita ba.

Wanshekare mai moto ya ɗauke ni. Ni da na je Agadas, na je Kwatano, na je Kumasi, ban taɓa jin ƙashin bayana ya yi magana ba sai ranar. A shingen wajenmu anka dubi takardata, anka dubi huskata, anka miƙo mini ba ko kalma. A shingen wajensu kuwa tun daga nesa mai kakin ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa." Can kowa Alhaji ne in dai rigarshi ta wuce gwiwa. Ya tambaye ni abin da ke tahe da ni. Na gaya mashi gaskiya, har labarin Buba. Ya sa hannu aljihu ya hiddo tashi wayar, an ɗaure ta da roba kamar ƙunshin daddawa.

Ya ce, "Ni ma da wagga nake tsaron daji. In ka samu ta kirki, ka biyo ta nan ka nuna mini."

A kasuwar Bacaka ne na tabka abin kunyar. Ina neman motar Argungu, sai ga wani mai talla da jaka a wuya, baki kamar an shahwa mashi man shanu. Ya hiddo wata ƙatuwa, launin kayan soja, jikinta duk roba, ga ƙaho a kai, ga hitila kamar ta babbar mota.

Ya ce, "Alhaji, wayar soja ce. Riƙe ka ji."

Na riƙe. Nauyi kamar dutsen guga. Maganar mai rawanin nan ta dawo mini. Ya karɓa ya sake ta ƙasa, ya ɗauka, ta kawo haske. Ya ce pus huɗu take ci. Maganar ɗan bida ta dawo mini. Na ce a raina, Gado, Allah ya hutar da kai. Na saya. Na ma so in juya gida daga nan, sai na tuna Idi ya riga ya gaya wa yayanshi ina tahe, ba daɗi a dahwa abinci da kai ka ƙi zuwa.

Argungu na ci kihi har na ji tsoron kaina. Mu da sai an yi baƙo muke ganin busasshe, su ga shi nan ɗanye shina motsi cikin kwano, yara ma ba su kallonshi. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne na ƙananan kohuna uku da hira. Ƙatuwar moɗa ake cika maka da madara, a haɗa ka da burodi mai laushi da zaƙi kamar katihwa, ka shanye tsaye ka ba wani wuri. Na tambayi mai shayin ina na biyu, ya ce in na biya za shi ƙara.

Da na isa Birnin Kabi, Nasiru na same shi cikin shagonshi, wata rumhwar kwano tsakanin rumhunan 'yan waya, ko'ina janareto na kuka. Saurayi ne mai gemu, wando bisa idon sawu, magana a hankali. Ya girme Idi da kaɗan amma ya hi shi nutsuwa nesa. Ya sauke ni ɗakin baƙi na ƙohwar gidanshi, matarshi ta aiko da tuwon shinkahwa da miyar kuka. Ɗakin ba laihi, sai dai sauron Kabi, da yake kusa da hwadama suke, ba su san Ba'are baƙo ne ba. Da na tashi da sahe huskata ta ƙara tsage.

Bayan mun karya na hiddo wayar sojata da alhwahari na aje mashi bisa tebur.

"Na ma hutar da kai, ɗana. Duba mini kawai."

Ya juya ta, ya auna a hannu. Ya ɗauko ɗan sukurdireba ya kwance bayanta. Batirin ciki bai kai akwatin ashana ba. Gehenshi kuma guntun rodi ne na gini, an manne shi da gam. Ya ja ƙahon nan, ya hito a hannunshi, ba ko zare ɗaya da ya haɗa shi da ciki.

Ya ce, "Baba, ƙarhen dai mai kyau ne."

Na ce, "Aje mini shi, ina da ginin da ban gama ba."

Maƙwabtanshi sunka taru suna kallo, wani ya ce wanga ne na uku da anka kawo cikin watan. Na ji sanyi kaɗan da na san ina da 'yan'uwa.

Sai Nasiru ya jawo mini kujera. Bai nuna mini ko waya ɗaya ba tukuna, tambayoyi ya shiga yi kamar majo mai duba marasa lahiya. Mutumin ya iya karatu? Na ce a'a, ko lamba sai a hankali. Hannunshi hwa? Na ce hannun mai jan guga, ya yi kanta, ya tsattsage. Akwai wuta kusa? Na ce sai ranar kasuwa, in ya bayar a yi mashi sharji. Rezo hwa? Su sabis suke ce mashi. Na ce sai an hau wani tudu bayan ruga. Idonshi? Kunnenshi? Ina shike sa kaya in shina kiwo?

Ya ce, "To mai gilashi ta hita, yatsa mai kanta ko jiƙaƙƙe ba ta jin shi. Mai maɓalli za mu nema, manyan maɓallai, waɗanda za shi lalubo ko bai duba ba. Ba hoto, ba waƙa, ba komi, su ke shan batiri."

Ya hiddo guda uku. Ya cire bayan kowace ya nuna mini batirin ya cika gurbinshi, kuma ana cire shi da hannu a sa wani. Ya nuna mini bakin da ake sa sharji, ya ce ta nan ruwa da rairayi ke shiga, sai wadda ke da marhin roba. Guda ba ta da shi, ya ture ta gehe. Sauran biyun ya sa masu pus, ya ce in biyo shi. Munka shiga wata kwantena ta ƙarhe da ake aje kaya, ya ja ƙohwa. Ya ce nan ne dajinshi, wayar da ta kama nan za ta kama ko'ina. Guda ta ɓace ɗungum. Gudar ta riƙe sanda ɗaya, ba ta saki ba.

Wadda ta riƙe ɗin ita ce mummunar cikinsu. Baƙa, gajera, mai kauri, madubinta ɗan ƙarami ya shige ciki kamar idon mai yunwa. Na ce, "Wagga ko ɓarawo ya tsinta sai shi nemi mai ita."

Ya ce, "Wannan ma amhwani ne."

Ya sa anka kawo ruwa cikin roba. Ya kira lambar, tana cikin kuka ya tsoma ta.  Tana ƙarƙashin ruwa haskenta na walƙiya. Ya tsamo ta, ya girgiza, ya miƙo mini, na ji muryarshi ta ɗayar wayar. Ya ce in sake ta daga kahwaɗata bisa siminti. Na ƙi. Ya ce, "Baba, gara ta hwashe nan da ta hwashe can." Na saki. Ta yi tsalle ta kwanta, ba abin da ya same ta. Kukanta kuwa, mai shagon da ke layi na uku ya leƙo ya ga ko tashi ce.

Ya haɗa mini da batiri na biyu da ɗan panno mai ɗaukar wuta daga rana, bai hi allon karatu ba. Sa'an nan ya yi wata dabara da ban taɓa gani ba. Ya sa lambata ga maɓalli guda, in an danne shi an riƙe, ni za ta kira. Ya aika gida anka kawo jan hwarcen matarshi, ya ɗiga bisa maɓallin. Wani maɓallin ya sa lambar Illa, mai moton Sukukutane, ya ɗiga mashi hwarin henti.

Na ce za ni kai wa badukku shi ɗinka mata kube da igiyar wuya. Nasiru ya ɗago kai.

"Kube kaɗai dai, Baba? Na san mutanenmu. Kada a cusa wata laya ciki."

Na ce, "Ɗana, ni jikan mutanen Lugu ne masu bori ta wajen uwa, amma ban taɓa jin doguwar da ta san rezo ba."

Ya yi murmushi bai so ba. Da ya rako ni tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ka san waya ba ta hana ajali."

Na ce na sani. Ban so maganar ba, amma yaron kirki ne.

Dawowa ba wani labari. Na biya ta shingen nan na nuna wa mai kakin, ya juya ta ya kwahi sunanta a bayan hannunshi. Mai tallar Bacaka na duba ban gan shi ba, kuma ban san abin da za ni ce mashi ba in na gan shi. Kwana ɗaya na yi gida, anka ɗinka kuben, na kama motar kasuwar Sukukutane. Wannan hanya kun san ta, rabinta mota ke ɗaukarka, rabinta kai ke ɗaukar mota. Sau huɗu munka sauka turi. Illa ya ƙarasa da ni ruga da hantsi.

Sambo na zaune bisa tabarma gindin bukka. Da can tun daga nesa shike tasowa shina zagina. Ranar bai tashi ba.

Ya ce, "Wa ya saki bawana ba igiya?"

Na ce, "Na zo ƙirga shanuna ne, an ce mini ɓarawo ya tsuhwa."

Munka gaisa. Huskarshi ta zube, wuyan rigar ya yi mashi yawa. Ƙahwahunshi kuwa sun kumbura har ya yanke madaurin takalminshi don su shiga. In ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numhwashi. Kumbo ta kawo nono a ƙwarya ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta dubi wajen mijin ba.

Na hiddo salular. Ya juya ta ya ce, "Da ganin wagga Ba'are ya zaɓe ta. Kamarku ɗaya." Na zuba mata sauran ruwan buta gabanshi, ta ci gaba da haske. Nan ya daina dariya. Ya karɓa ya goge ta da bakin riga, ya daɗe shina kallonta. 

Abin da ya hi yi mini daɗi, nan gindin bukkar ta kama sanda ɗaya, ba sai an hau tudu ba. Na nuna mashi ja nawa ne, hwari na Illa. Ya danna jan, aljihuna ya yi kuka, Kumbo ta ruhe baki tana dariya. Ita ma na nuna mata inda ake dannawa a amsa, da yadda ake shanya pannon bisa bukka.

Na ce, "Sambo, ba don gaisuwa na kawo ta ba. In jikinka ya motsa, ko a daji ko a gida, ka danna jan nan."

"Jikina lahiya lau."

"Ƙahwar hwa?"

"Tahiya ce. Kai da ba ka tahiya sai bisa mota ina za ka sani."

Na ce shi hau bayan Illa yanzu mu tahi Dutsi a duba shi. Ya nuna mini shanun da haɓa. Bazara ta cinye su, wasu in sun kwanta sai an kama wutsiya an tayar. Ya ce wa za shi bar wa su haka? In ruwa ya sauka, ciyawa ta hito, za shi zo da kanshi shi cinye mini tuwo. Na yi magiya, ya mayar da ita wasa. Kun san in taubashinka ya mayar da magana wasa, ba ka da ƙohwar shiga. Da za mu tahi Kumbo ta rako ni 'yan taki kaɗan da ƙwaryar man shanu. Ta ce a hankali, "Ka dai gani." Ta juya.

Salular ta yi aiki, wannan ba ni da ƙorahi. Juma'a ta hwarko ya kira, muryarshi tangaran kamar shina bayan katanga. Ya gaida mutanen gida ɗaya-ɗaya, ya ce an yi yayyahi. Juma'a ta biyu ya ce ruwa ya sauka sosai, ya duke shi da salular a wuya, ba ta ko yi tari ba. Na ce to alkawalin tuwo hwa? Ya ce ciyawar ba ta kai bakin saniya ba tukuna. Kullum in na tambayi jiki, lahiya lau.

Kira na uku ranar Alhamis ya zo, bayan azahar. Ina shago, ana sauke mini buhuna, masu dako na gardama da direba. Na maƙale salula da kahwaɗa.

Ya ce, "Bawana, kana da lokaci?"

Na ce, "Ga Bahillace? Kaɗan."

Ya gaishe ni, ya gaida gida. Sa'an nan ya shiga zancen shanu. Ya ce Saye na da ciki wata biyar, kada a bari ta sha ruwan tabkin yamma. Ya ce Ɓale ta tsuhwa amma kada in sayar da ita, ita ke jan sauran zuwa gida. Wule na da ciwon kohwato na baya, a riƙa duba shi. Ɗan bijimin nan ja, in an matsu, shi ne na sayarwa. Shina yi shina tsayawa, ni kuma ina ƙirga buhuna da ido, ina cewa to, to.

Ya ce, "Juli ƙanena ya san halinsu. Hannunshi na da kyau. In ka ba shi ba za ka yi kuka ba."

Na ce, "Kai dai ka gaji da satar nono ne kake neman wanda za ka ɗora wa."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ka yahe mini wanda na sha."

Na ce, "Sai ka biya."

Ya ce to, a gaida yara. Ya kashe.

Na gama da masu dako, na sha ruwa, na yi alwala. Ina cikin raka'a ta biyu ta la'asar maganar ta dawo mini. Shekara ashirin, ko da wasa Sambo bai taɓa cewa in ba wani shanuna ba. Kuma ranar ba Juma'a ba ce. Ban san yadda na gama sallar ba.

Na kira. Ta yi ta kuka, sa'an nan anka ɗauka. Kumbo ce.

Na ce, "Ina shike?"

"Shina kwance."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha biyu bai taka ba. Maƙwabta ke kora shanun."

Kwana goma sha biyu. Wato ko ranar da ya ce mini ruwa ya duke shi, daga kwance ya hwaɗa. Na ce mi ya hana ta danna jan? Ta ce salular na ƙarƙashin kanshi, kullum ita ke shanya pannon, shi ke riƙon abin. Ta yi mashi magana sau biyu, ya ce ba a tayar da mutum daga sana'arshi don ciwo.

Na kira Illa ya nemi amalanke. Da asuba na ɗauki shatar mota na tarye su Sukukutane, kahin azahar muna gidan likita a Dutsi. Sun yi abin da za su iya. Anka sa mashi abin numhwashi, anka yi allurai, ruwan jikin ya ɗan sauka. Likitan ya ja ni waje ya ce zuciyar ta gaji tun da daɗewa, da an kawo shi wata guda baya da akwai magana.

Rana ta biyu ya ɗan samu kanshi. Kumbo ta hita wanke ƙwarya, daga ni sai shi. Salular na rataye a wuyanshi, ya hana a cire. Na yi niyyar in yi shiru, amma abin ya ci ni.

Na ce, "Sambo, har Birnin Kabi na je. Sauro ya ci ni, anka sayar mini da rodi. Maɓalli guda na ce ka danna, ka ce Gado zo. Mi ke da wuya nan?"

Ya buɗe ido. "Na kira ka."

"Ka kira ka yi mini zancen shanu."

"To zancen mi za ni yi maka?" Ya nemi numhwashi. "Na gaya maka mai ciki. Na gaya maka wadda ba a sayarwa. Na gaya maka wanda za ka ba. In Bahillace ya gaya maka wannan, mi ya rage?"



Ya ɗora hannu bisa kuben, bakinshi ya ɗan motsa irin na mai shirin tsokana.

Ya ce, "Abarka ba ta da laihi, bawana. Ta kai magana. Kunnen ne na Ba'are."

Ranar Lahadi da hantsi ya cika. Shanun na hannun Juli. Iyakar tahiyar ke nan, wanda ya ji shi yi wa Sambo addu'a.